Minti uku da Embiid ya zauna a benci

Daren Lahadi, 12 ga Mayu 2019, azumi ya kai mako guda. Da muka idar da asham muka ɗan taɓa hira a ƙofar gida, can wajen sha ɗaya da rabi muka gangara gidan kallo a unguwar Yelwa, nan Garwa a arewacin Kamaru. Mai gidan ya saba kulle ƙofa da zarar an tashi ƙwallon Turai, amma ranar ya yarda ya bar mana tele, bisa sharaɗin kowa zai ajiye dala ashirin, in wuta ta ɗauke kuma man janareto a wuyanmu. Ba mu kai mutum ashirin ba. A garin da yaro ke tashi da sunan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Coton Sport a baki, ƙwallon kwando ba ta tara jama'a, balle wasan da sai sha biyun dare agogonmu za a fara shi, ga zafin Mayu wanda ko iskar Binuwai ba ta iya masa.

Abin da ya hana mu barci shi ne 'yan ƙasa biyu ne za su kara, kuma dole ɗaya ya tafi gida. Joel Embiid, haifaffen Yawunde, yana Philadelphia 76ers. Pascal Siakam, haifaffen Duwala, yana Toronto Raptors. Sa'annin juna ne, duka 1994 aka haife su, Embiid a watan Maris, Siakam a Afrilu. Dukkansu sai da suka zama samari kafin su kama ƙwallon kwando da gaske, kuma dukkansu ta sansanin horo na Luc Mbah a Moute, ɗan Kamarun da ya riga su buga ƙwallon kwando a Amurka, aka fara ganin su. Embiid aka zaɓa na 3 a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA (babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka) na 2014, Siakam kuwa na 27 a 2016. Wannan tazarar kaɗai ta isa ta nuna yadda aka ɗauke su tun farko: ɗaya ɗan gata da aka gina ƙungiya a kansa, ɗaya yaron da ya shigo ta ƙaramar ƙofa.

Ga wanda bai saba kallo ba: mutum biyar-biyar ne a fili, minti 48 ake yi, zango huɗu na minti 12, kuma koci na iya fitar da ɗan wasa ya mayar da shi sau nawa ya ga dama. A zagayen fitar da gwani, ƙungiyoyi biyu kan yi ta karawa har ɗaya ta ci wasa huɗu. Toronto da Filadelfiya sun yi uku da uku. Na daren nan shi ne na bakwai.

Ƙarshensa kowa ya sani. Saura daƙiƙa 4.2 Jimmy Butler ya farke wa Filadelfiya, aka koma 90 da 90. Marc Gasol na Toronto ya jefo ƙwallon daga gefe, abokin wasansa Kawhi Leonard ya karɓa ya zagaya da gudu ta dama, Ben Simmons na Filadelfiya na bin sa, sannan Embiid ya karɓi rakiyar har kusurwa. Leonard ya yi tsalle yana baya-baya ya saki ƙwallon ta saman hannun Embiid, ƙararrawa ta buga. Ƙwallon ta daki bakin kwando ta yi sama, ta sake dukansa, ta tsallaka ɗaya gefen ta daka sau biyu, sannan ta sulale ciki. 92 da 90. A tarihin NBA ba a taɓa rufe wasa na bakwai da jifan da ya zo daidai da ƙararrawa ba sai ranar. Mu a Yelwa ihun da muka yi sai da maƙwabci ya leƙo ta katanga yana tambaya ko gobara ce. Sai kyamara ta juya kan Embiid, ƙato mai tsawon fiye da mita biyu, yana kuka wiwi, Gasol ya rungume shi yana yi masa magana a kunne.

Kafin mu isa gida yin sahur an riga an yanke hukunci. Ƙanena, wanda lokacin yana ajin ƙarshe a lise, wato sakandare, kuma ba ya haɗa Siakam da kowa, shi ya fara.

"Yaya, ka gani ko? Jifa 18, shida kacal suka shiga. Mutumin da ke cika baki a Twitter kullum. Ranar wanka ta zo, ga cibi a waje."

Ban musa masa ba a daren, don ni ma haka na gani. Sai washegari, da na sami intanet mai ɗan ƙarfi, na buɗe takardar alƙaluman wasan na kwafe ta da biro a bayan wani tsohon littafin lissafi. Ni ne ke riƙe takardar maki idan yaran unguwa suna wasa a filin makaranta, shi ya sa nake da wannan ɗabi'ar. Abin da na gani a takardar ya sa muka shafe sauran azumin muna gardama.

Abin da takardar ta ce

Layin Embiid: minti 45, maki 21, cafka 11. Cafka ita ce kama ƙwallon da aka jefa ta ƙi shiga. Ya yi jifa 18, shida suka shiga, ɗaya daga cikinsu na nesa mai maki uku, sauran maki takwas daga layin jifan kyauta, wanda ake ba wanda aka yi wa laifi, ya same su, cikin yunƙuri tara. Ga mutumin da a kakar ya riƙa cin maki 27.5 a kowane wasa, wannan koma baya ne, babu wani kwane-kwane.

Layin Siakam: maki 11, cafka 11, jifa huɗu cikin 11. Shi ma bai yi abin a zo a gani ba, sai dai biyu daga cikin makin nan sun zo a lokacin da ake neman su ido rufe. Saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, Kyle Lowry ya fizge ƙwallo daga hannun Filadelfiya ya miƙa masa a guje, ya sa ta, aka koma 89 da 85.

Layin Leonard, gwarzon dare: maki 41. Amma da na kai idona gidan da ke kusa sai na tsaya. Jifa 39 ya yi, 16 suka shiga, 23 suka tafi a banza. Akwai wani ma'auni da masu nazarin wasan ke amfani da shi don gane ko makin ɗan wasa ya yi tsada ko ya yi araha. Ana tara yawan jifansa, a ƙara da jifan kyauta, kowanne a lissafa shi 0.44 na jifa guda, a ninka jimlar biyu, sannan a raba makinsa da ita. Na yi wa Embiid: 18 da kusan huɗu, 22 ke nan, ninki biyu 44, maki 21 a kai, ya ba ni kusan 48 cikin ɗari. Na yi wa Leonard, wanda ya ci jifan kyauta bakwai cikin takwas: 39 da uku da rabi, ninki biyu 85, maki 41 a kai. Kusan 48 cikin ɗari. Na sake bugawa a waya don ina zargin hannuna, amsar ba ta canja ba. Matsakaicin NBA a kakar wajen 56 ne. Wato wanda aka ɗaga sama da wanda ya fita yana kuka, farashi ɗaya suka sayi makinsu a daren, kuma dukkansu sun saya da tsada. Leonard ya yi jifa ninki biyu ne, kuma na ƙarshen ya shiga bayan ya daki ƙarfe sau huɗu.

Sai gida na ƙarshe a layin, wanda yawancinmu ba ma kallo, mai alamar ƙari da ragi. Ni riba da faɗuwa nake kiransa. Ba ruwansa da abin da ɗan wasa ya ci da hannunsa. Abin da yake ƙirgawa shi ne: a mintunan da kake cikin fili, ƙungiyarka ta fi abokan karawa da maki nawa, ko an fi ta da nawa. A gaban sunan Embiid an rubuta ribar 10. Ƙungiyarsa kuma ta faɗi da biyu. Lissafin ba ya buƙatar malami: a ɗan lokacin da ya zauna a benci yana shan ruwa, wanda bai ma cika minti uku ba, an ci Filadelfiya da ratar maki 12. Greg Monroe, wanda ya shiga a madadinsa, bai yi minti biyu a fili ba ya fita da faɗuwar tara.

Na ɗauka tsautsayin dare ɗaya ne, sai na koma na duba duka wasanni bakwai. Minti 336 aka buga. Embiid ya yi 237 a fili, a cikinsu Filadelfiya ta fi Toronto da maki 90. Ya zauna minti 99, a cikinsu Toronto ta fi su da 109. A wasa na shida, wanda suka ci 112 da 101, maki 17 kawai ya ci amma ribarsa 40. Kuma duk wannan ya yi shi ne da ciwo: ya shigo zagayen da gwiwa mai damunsa, a wasa na biyu ciwon ciki, a na huɗu da na biyar mura da ta kama masa ƙirji.

Da na nuna wa ƙanena, bai ko girgiza ba. Ya karɓi biron ya jera makin mutum biyun wasa bayan wasa. Siakam: 29, 21, 20, 9, 25, 21, 11, jimla 136. Embiid: 16, 12, 33, 11, 13, 17, 21, jimla 123. Ya ja layi biyu a ƙarƙashi ya turo mini littafin.

"To Yaya, wa ya fi ci? Kuma wa ya wuce?"

Gaskiyarsa ce, lambobin nan haka suke. Sai dai jimlar ta haɗiye labarin da ya fi kowanne daɗi a zagayen, wato yadda 'yan ƙasar biyu suka yi da juna gaba da gaba. A wasan farko Siakam ya yi abin da ya ga dama, jifa 15 ya yi, 12 suka shiga, Toronto ta ci 108 da 95. Kocin Filadelfiya, Brett Brown, ya kwana yana tunani, a wasa na biyu ya ɗauke Embiid daga kan Gasol ya ɗora shi a kan Siakam. Embiid bai bi shi waje ba. Ya ja da baya ya tsaya kusa da kwando kamar mai gadin rumbu, yana nuna masa: in kana so ka jefa daga nesa, bismillah, amma nan ba ka shigowa. Ƙarfin Siakam a lokacin kutsawa ne da juyi kusa da kwando, nan kuma aka toshe. A wasan ya ci maki 21, wanda a ido ba laifi, amma sai da ya yi jifa 25 kafin tara su shiga. Filadelfiya ta ci 94 da 89. Maki 29 daga jifa 15 da maki 21 daga jifa 25, a jerin ƙanena kusan abu ɗaya ne, a fili kuwa kamar dare da rana. A wasa na uku abin ya kai Siakam ya sa wa Embiid ƙafa, aka hukunta shi, kuma shi ne ya fita da rauni a sha-raɓarsa ta dama. A na huɗu da kyar ya buga, jifa biyu cikin goma.

Babu gidan da ke rubuta wannan aikin a layin Embiid. Jifan da abokin gaba ya fasa yi don ya hango ka a tsaye ba a ƙirga shi a ko'ina. Haka ma a ɗaya ɓangaren. Wanda ya duba layin Gasol a wasa na bakwai zai ga maki bakwai, ya ce dattijon ya zo yawo ne. Alhali kocin Toronto, Nick Nurse, ya ɗaure mintunansa da na Embiid: in Embiid ya shiga ya shiga, in ya fita ya fita, shi ma minti 45 ya yi. Toronto ta ɗauko shi daga Memphis a watan Fabrairun shekarar, mutumin da ya taɓa zama gwarzon mai tsaron baya na NBA a 2013. Wannan shida cikin 18 da ƙanena ke yi wa Embiid gori a kai, rabinsa aikin Gasol ne, amma a layin wani aka rubuta shi.

Shagon Kawu

Kawunmu yana sayar da atamfa da shadda a babbar kasuwa. Bai taɓa kallon ƙwallon kwando ba, kuma ba ya da niyya. Amma da yake kullum bayan la'asar muna zama a shagonsa muna jiran shan ruwa, gardamar ta ishe shi, ran nan ya ce a yi masa bayani ko mu koma waje. Na buɗe littafin na yi masa bayanin riba da faɗuwa, ina jin daɗi don na san ɗan kasuwa zai gane, kuma na tabbata zai goyi bayana. Ya saurara yana ninke wani turmi da mai saye ta warware ta fasa. Da na gama ya ce:

"Ɗan nan, in na tafi masallaci azahar, na dawo na tarar an sayar da turmi biyu ƙasa da kuɗin sari, me wannan ya nuna?"

Na ce ya nuna shagon ba ya yi sai da shi.

"A'a. Ya nuna yaron da na bar wa shagon bai iya ba. Ko ni ba gwani ba ne, in dai na fi yaron, littafi zai nuna haka. Kuma wa ya ɗauko yaron? Ni na ɗauko shi."

Ƙanena ya yi tsalle kamar shi ya yi maganar. Ni kuwa na yi shiru, don Kawu ya taɓo inda ma'aunin ke da rauni. Ribar 10 da Embiid ya samu yana fili ta shafe shi. Faɗuwar 12 da aka yi yana benci ta fi shafar wanda ya maye gurbinsa, da shugabannin da suka shiga zagayen fitar da gwani ba su tanadi ƙato na biyu mai amfani ba. Filadelfiya ta kashe ƙarfinta a kakar wajen ɗauko Butler da Tobias Harris, biyar ɗinta na farko sun kai a ji tsoronsu, amma bencin ya rame. Da ace suna da wanda zai riƙe fili minti uku ba riba ba faɗuwa, da Embiid ya tashi da ribarsa goma, ƙungiyarsa ta wuce, kuma ba wanda zai tsaya yana mamakin lambar. Girman tazarar da ta burge ni, rabinta shaidar talaucin benci ce.

Akwai wani abu kuma. Ribar nan ba ta mutum ɗaya ba ce. Mutum biyar ke fili, duk abin da ya faru ana rubuta wa kowannensu. Embiid ya yi yawancin mintunansa tare da Butler da Simmons da Harris da JJ Redick. In Redick ya jefa ta nesa ta shiga, maki uku sun hau layin Embiid ko da yana can yana gyara igiyar takalmi. Minti uku kuma ɗan lokaci ne ƙwarai: jifan nesa biyu da kuskure biyu sun isa su haifar da faɗuwar goma. Ko jifan Leonard na ƙarshe, wanda Embiid ya bi shi har kusurwa ya miƙa hannu iya tsawonsa, babu mai tsaron da zai yi fiye da haka, an cire masa maki biyu a kansa. Kafin ƙwallon ta gama rawa a bakin kwando ribarsa 12 ce.

Duk da haka ban sauka daga matsayina gaba ɗaya ba, kuma har yau ban sauka ba. Minti uku za a iya cewa sa'a ce. Minti 237 da ribar 90, a kan ƙungiyar da ta zo ta ɗauki kofin shekarar, ya wuce a kira shi sa'a. Raunin Monroe na iya bayyana abin da ya faru Embiid na zaune, amma ba zai bayyana yadda Filadelfiya ta riƙa fin Toronto duk lokacin da yake tsaye ba, a zagayen da jifansa 37 cikin ɗari kawai ke shiga. Mutumin da hannunsa ya ƙi, cikinsa ya ƙi, kuma ƙungiyarsa ta ci gaba da yin sama muddin yana ciki, to akwai abin da yake yi wanda gidan maki ba ya gani.

Da na faɗa wa Kawu haka sai ya ce in bar mutum ɗaya in karanta masa jimlar ƙasa, don shi a littafi layin ƙarshe yake fara dubawa. A nan ne muka ga abin da ni da ƙanena duka muka tsallake. Toronto ta yi jifa 89, 34 suka shiga, wato 38 cikin ɗari. Filadelfiya ta yi 65, 28 suka shiga, 43 cikin ɗari. Filadelfiya ta fi iya saiti, ta kuma fi cin jifan kyauta, 25 da 17. Amma Toronto ta fi ta yawan jifa da 24. Wani ɓangare na ratar ya zo ne daga yawan zuwan Filadelfiya layin kyauta, tunda harin da ya ƙare a can ba a lissafa shi cikin jifa. Sauran daga wuri biyu ya fito. Na farko, ɓarar da ƙwallo: a mintunan ƙarshe Filadelfiya ta yi ta riƙe ƙwallo har daƙiƙa 24 da doka ta ba ta su ƙare ba ta yi jifan kirki ba, a jere, sannan ga fizgen Lowry. Na biyu, cafka a ƙarƙashin kwandon abokin gaba, wato ka jefa ta ƙi shiga, naka ya sake kamawa ku sake gwadawa. Toronto ta yi wannan sau 16, Filadelfiya sau biyar.

"Wato su sun fi zuwa kasuwa," in ji Kawu. "Ribarsu kaɗan ce a kowane turmi, amma sun fi juya kuɗin."

Wannan lambar ta 16 ba ta yi wa ɓangarena daɗi ba. Hana abokin gaba sake kama ƙwallo a ƙarƙashin kwandonka aikin ƙato ne kafin kowa, kuma ƙaton Filadelfiya yana fili minti 45. Za a iya cewa gajiya ce, za a iya cewa Nurse ya haɗa masa ƙatti biyu a lokaci guda, Gasol da Serge Ibaka ɗan Barazabil, wanda ya taso daga benci ya ci maki 17, na biyu a ƙungiyarsa bayan Leonard. Ko me aka ce, an kwashi ƙwallaye a gabansa. Ƙanena ma bai tsira ba, don gwarzonsa Ibaka ya fi shi maki a daren, kuma abin da Siakam ya fi taimakawa da shi shi ne cafka 11 ɗin nan da tsaron baya, waɗanda shi ƙanen nawa bai ko ambata ba a hanyarmu ta zuwa sahur.

Abin da ya biyo baya

Shugabannin Filadelfiya da alama karatun Kawu suka yi wa takardar. A watan Yulin 2019 suka ɗauko Al Horford daga Boston da kwantiragin shekara huɗu na kusan dala miliyan ɗari na Amurka, don a samu wanda zai riƙe fili in Embiid ya zauna. Amma a damina guda Butler ya tafi Miami, Redick ya tafi New Orleans. Aka toshe ɓaraka ɗaya aka buɗe biyu. Horford da Embiid ba su dace da juna ba in an haɗa su a fili, bayan kaka ɗaya aka tura shi Oklahoma.

Toronto kuwa ta doke Milwaukee, ta doke Golden State, ta ɗauki kofi ranar 13 ga Yuni 2019, karon farko da ya bar Amurka. A wasan farko na karawar ƙarshe Siakam ya ci maki 32, jifa 14 cikin 17, a daren ɗaukar kofi kuma ya yafa tutar Kamaru. Aka ba shi kyautar ɗan wasan da ya fi kowa ci gaba a kakar, tunda ya tashi daga maki 7.3 a kowane wasa zuwa 16.9. (Shugaban ƙungiyar da ya zaɓo shi, Masai Ujiri, a Zariya ya tashi. Wannan ne kaɗai abin da ya burge Kawu a duk labarin, don can yake da abokan ciniki.)

A shekarun da suka biyo baya ƙanena ya samo hujjar da ta fi duk wadda ya kawo a 2019, kuma ita ma a takarda take, a gidan da ba a yi wa kallo na biyu: yawan wasannin da mutum ya buga. A kakar 2018 zuwa 2019 Siakam ya buga 80 cikin 82, Embiid 64. Embiid bai taka fili ba a kakarsa biyu na farko saboda ƙafa, a ta uku ya buga 31. A 2023 ya zama gwarzon NBA gaba ɗaya da maki 33.1 a kowane wasa. Ranar 22 ga Janairu 2024 ya zuba wa San Antonio maki 70, a kakar da matsakaicinsa ya kai 34.7, amma gwiwa ta sa wasa 39 kawai ya buga, kuma sabuwar doka ta ce sai wanda ya buga 65 zai shiga takarar manyan kyaututtuka. Riba da faɗuwa tana auna abin da kake yi in kana nan. Ranakun da ba ka zo ba kwata-kwata, layinka babu komai, ƙungiyar kuma sai ta yi minti 48 cur da yaron shago. Da Embiid ya sa rigar Amurka a gasar Olamfik ta Faris a 2024 ya ci zinare, gardamar ta bar hannun lambobi ta koma wani wuri daban, wanda ba shi na zauna rubutawa ba.

A ƙarshen Mayun 2025, Siakam, lokacin yana Indiana Pacers, ya ci New York maki 39 a wasa na biyu, 31 a na shida, aka ba shi kyautar gwarzon karawar ƙarshe ta yankin gabas. Ƙuri'a biyar ya samu, abokin wasansa Tyrese Haliburton huɗu. Ƙanena, wanda lokacin yake karatu a Ngaundere, ya turo mini hoton takardar ta WhatsApp da asuba, ya zagaye gidan maki da jan layi. Na mayar masa da ta wasa na huɗu, inda Haliburton ya ci 32, ya yi cafka 12, ya miƙa ƙwallon da aka ci sau 15, bai ɓarar ko sau ɗaya ba, na tambaye shi wanne gida zai zagaye a nan. Ya ce zai zo hutun babbar sallah, in ajiye masa littafin a shagon Kawu.